Umarar da Na Yi wa Wani Makaɗin Amurka

Talata: Zariya zuwa Madina

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gida a Tudun Wada, da jaka ɗaya da gwiwoyi biyu da suka daɗe da yi mini tawaye. Yayata Hadiza ta rako ni bakin mota, ba don kewa ba, sai don ta sake tuna mini cewa in na gama Umarata in yi wa Inna tata. Mahaifiyarmu ta rasu bara ba ta taɓa ganin Ka'aba ba, ni kuma na ɗauki alkawarin a gaban dangi ranar sadakar uku. Mun wuce shingen bincike biyar kafin Kano. Jirgin da aka ce na sha ɗaya bai ɗaga ba sai uku, muka sauka Madina kowa ya yi laushi. Kwana huɗu na yi a can, rabinsu a kwance da man zafi.

Asabar: Madina zuwa Makka

Bas ta tashi ƙarfe bakwai na safe, tafiyar ta haura kilomita ɗari huɗu. Kusa da ni wani tsoho ne baƙi, dogo, na ɗauka mutumin Sudan ne sai da ya buɗe baki. Ba'amurke ne, sunansa Zakariyya, shekarunsa tamanin da uku, 'ya'yansa sun hana shi zuwa ya yi kunnen ƙashi. Shekara talatin na yi ina koyar da Turanci a sakandare, amma Turancinsa sai da na kasa kunne sosai.

A miƙati, inda ake ɗaura ihrami, ya roƙe ni in koya masa yadda ake yi wa mamaci niyya, don wani abokinsa Luƙman ya zo yi wa. Na tambaye shi ko ya taɓa yin tasa, ya ce a'a. Nan malantar ta motsa. Na ce ai ba a yi wa wani sai ka sauke naka, ya yi tasa yau, ya huta, sannan ya fita Tan'im, can bayan garin Makka, ya sake ɗaura ihrami don abokin. Ya ce to, ba da son ransa ba. Gaskiya na faɗa, amma baki shi ke yanka wuya.

A hanya ya ce shi mai busa ne a kiɗan jaz, wani ƙahon ƙarfe mai lanƙwasa yake busawa, dangin algaita, Luƙman kuma mai ganga. Ni da na tashi na san makaɗi da ubangida, sai na tambaye shi wane babban mutum suke yi wa. Ya yi dariya har da tari. Ya ce a zamaninsu za a rubuta sunansu a ƙofar otal, amma su ta ƙofar kicin suke shiga, kuma ba za a ba su ɗakin kwana a ciki ba. Da aka fara fafutukar 'yancin baƙar fata, ɗalibai suna zama a wuraren da aka hana su ana kwashe su, su kuma suna wasa don a tara abin belinsu.

"A jaz kowa yana da lokacinsa," in ji shi. "Saura su riƙe maka kiɗa, kai ka faɗi abin da ke cikinka har ka gama. Wurin nan kaɗai na san ana jiran baƙin mutum ya gama magana."

Bayan mun tsaya cin shinkafa da kaza ƙarfe sha ɗaya da rabi ya ƙarasa labarin. Wata rana a wani gari na kudu sun tarar an ja igiya a zaure, Turawa a gaba, baƙaƙe a baya. Luƙman ya ajiye sandunansa ya ce ba zai kaɗa ba sai an cire ta. Aka ja shi waje aka farfasa masa hannun dama, bai sake riƙe sanda ba. Shi Zakariyya ya rungume ƙahonsa ya gudu ta baya. Daga baya tare suka musulunta, Luƙman ya yi ta burin zuwa Makka har ya rasu.

Muka wuce shingen shiga Makka ƙarfe ɗaya da kwata. Masaukinsa a unguwar Jarwal yake, ni kuma Hamza, ɗan kawuna haifaffen Makka, ya zo ya ɗauke ni zuwa gidansa a unguwar Zahir. Bayan la'asar muka haɗu a Harami. Na nuna masa keken da ake tura marasa ƙarfi a kai ya ƙi, ya ce da ƙafarsa ya yi zanga-zanga, da ita zai yi ɗawafi. Awa huɗu da rabi muka yi. A zagaye na shida na Safa da Marwa rabin nauyinsa a kafaɗata yake, ni ma da kyar nake jan tawa ƙafar. Ana gama yi masa aski ya sulale ƙasa.

Lahadi: Zahir da Jarwal

Na tashi gwiwar hagu ta kumbura kamar tulu. Hamza ya kai ni Jarwal da hantsi, muka sami tsohon an dawo da shi daga asibiti, likita ya hana shi ko saukowa daga bene. Jirginsa Talata, nawa ma Talata. Hamza ya ce da Hausarsa mai gauraye da Larabci, "Ma fi mushkila, ba matsala, ya ammi, akwai masu yi wa mutum Umara, in nemo masa wahid, mutum ɗaya." Na fassara. Tsohon ya girgiza kai, ya ce ba ya so wanda bai san hannun Luƙman ba ya ambaci sunansa. Bai roƙe ni komai ba, da ya roƙa ma da na ji sauƙi. Bango kawai ya juya ya kalla.

"Na sake barinsa a baya," ya ce.

A mota na yi lissafin jikina. Litinin kaɗai ta rage, gwiwar nan kuwa Umara ɗaya za ta iya, ita ma da lallami. Hamza ya ce shi zai yi wa Inna bayan azumi in sha Allahu. Na san in sha Allahun Hamza, shekara shida rabonsa da Umara alhali yana jin kiran sallar Harami daga wurin aikinsa. Kuma ba shi ya yi alkawarin ba. Na ji haushin tsohon, na ji haushin bakina, na rasa wanda zan ɗora wa laifi.

Litinin: Tan'im

Ƙarfe shida na safe Hamza ya sauke ni a masallacin Tan'im, kamar kilomita bakwai daga Harami. Na yi wanka, na ɗaura ihrami, na yi raka'a biyu a zaune. Har na miƙe ban yanke shawara ba. Na tuna ni ina iya sake dawowa in rai ya kai, tsohon kuwa ya gama zuwa. Da na buɗe baki, sunan Luƙman na faɗa, kuma na yi kuka, don na san sunan da na bari.

Na gama ƙarfe sha ɗaya da minti goma, ina dafa bango. Da na je Jarwal hula kawai na cire ya ga sabon aski. Ya kama hannuna na dama ya riƙe da nasa biyu, ya daɗe bai saki ba.

Talata: Gida

Mun tashi daga Jidda da azahar, na kwana Kano, na shiga Zariya Laraba ƙarfe goma na safe. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Hamza da matarsa da suka yi ta gasa mini ƙafa da ruwan zafi.

Yaya Hadiza na zaune a tsakar gida tana jira. Ko ruwa ban sha ba ta ce, "Ka yi wa Inna?"

Na ce ban yi ba. Na kwashe labarin duka na gaya mata, igiyar, hannun, tsohon da ke kallon bango. Ba ta katse ni ba har na kai ƙarshe. Sannan ta gyara mayafinta ta miƙe.

"Shi Luƙman aboki gare shi," ta ce. "Inna kuwa ɗa ta haifa."

Ta fita ba ta ɗauki zamzam ɗin da na kawo mata ba.