Tulun da Baba Ya Bari a Cike

Ranar Talata, tara ga watan Rajab, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran surukina. Na Allah ne mu, gare Shi kuma za mu koma.

Baba, shekara talatin ka yi kana hidima a ɗakin gwaje-gwajen makaranta. Da ka ajiye aiki, sai ka share ɗakin ajiya ka mai da shi naka. Ka sayo tsohuwar na'urar numfashi, ka gyara ta, tana tace maka iskar oksijin kana ɗurawa a tulun ƙarfe, don wutarka ta yi zafin narka gilashi. Ba ka sayar da komai. Sha'awa ce kawai.

Ɗanka, maigidana, ya ce in na taka ɗakin nan bai yafe ba. Na zauna a nawa, mai taga ɗaya, ina gama littafi ina ɗaukar wani. Ranar da ka kama ni ina leƙe ta labule, ka ce, "'Yata, masoyan nan na littafinki ba za su yi aure kafin ki dawo ba. Zo ki duba mini allurar awon iskar tulun nan, idona ya gaji."

Wata takwas ina duba maka ita. Kai ka koya mini cewa hannu mai maiƙo ba ya kusantar bakin tulu, don wuta kan tashi. Da na fasa maka kwalba, cewa ka yi dama ta tsufa. Ka narka mini ɗan tsuntsun gilashi na danne shafi, fiffikensa ɗaya ya fi ɗaya.

Yanzu yayyen maigidana sun ce ranar Asabar mai sayen tsofaffin ƙarafa zai kwashe kayan. Sun ɗauka tulun fanko ne. A cike yake, tare muka cika shi. Kwana uku ke nan ina zaune cikin masu gaisuwa. In na yi shiru wani ya cutu, in na faɗa na tona kaina. A littafi, wani kan shigo a shafin ƙarshe ya warware matsala. Nan ba wanda ya shigo.

Maigida, tunda baki ya kasa, ga shi a rubuce. Kada kowa ya taɓa tulun. Ni na san yadda ake sauke iskarsa. Bayan nan, duk abin da ka yanke na ji.

Allah ya jiƙan ka, Baba, ya yalwata maka kabari, ya sa ka huta. Mama da 'ya'yanka da jikokinka, Allah ya ba ku haƙuri. Ni kuma, ya sa a yafe mini.