Yadda Ɗan Dambe Ke Faɗuwa

Aikina zane ne, amma ba irin wanda ake ratayewa a bango ba. Mayaƙa nake ƙirƙira wa wasannin faɗa na waya, irin waɗanda mutum biyu ke tsayawa suna jibgar juna har ɗaya ya kai ƙasa. Mu uku ne a wani shago da muka kama a Narayi: ni mai zane, da wani mai haɗa sauti, da wata 'yar Kagoro wadda ke sa zanen ya motsa in an danna. Ita ce shugabarmu ko da ba mu taɓa zaɓenta ba, don ta fi mu kai, ta kuma fi mu baki.

Ita ta fara cewa ta gaji da mayaƙana. Duk wanda na zana, in ji ta, kamar odarsa aka yi daga waje, ga ƙirji kamar buhun masara, ga gashi a tsaye. Na hasala, don ni ba na shan gyara da daɗi, na ce to ta zo ta zana mana. Ta ce ba ta iya ba, amma ta san wani da ubansa tsohon ɗan dambe ne yana zaune a Makera, shi kuma yana nan yana kwaikwayon mutanen da bai taɓa gani ba. Kwana biyu ban yi mata magana ba. A na uku na hau keke na tafi gida.

Baba mahauci ne, kuma da ƙuruciya ya yi dambe har ya yi suna. A dambe, in gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa, an kashe ka ke nan, wasa ya ƙare. Tun muna yara abu ɗaya muke ji daga bakinsa: shi ba wanda ya taɓa kashe shi. Ya faɗa wa baƙi, ya faɗa wa surukai, har likitan da ke duba masa ciwon suga sai da ya ji. A lokacin da nake ba da labari ƙafafunsa sun kumbura, ya bar kasuwa, da sanda yake zuwa masallaci. Wannan maganar ce kaɗai abin da ciwon bai taɓa ba.

Da na gaya masa abin da ya kawo ni, sai da ya yi mini tatas. Wai an kai ni makaranta na dawo ina zanen 'yan tsana. Amma ina ganin idonsa. Kafin la'asar ya sa Inna ta fito masa da tsohuwar igiyar da yake naɗe hannu da ita, ya jingina da bango, ya miƙa hannun hagu gaba a buɗe, ya ja na dama baya. Na ɗauke shi a waya. Ya nuna mini yadda ake auna abokin karawa da tafin hannu, da yadda duka ke tasowa daga ƙugu ba daga kafaɗa ba. Sai ya kafa mini sharaɗi.

"Ka sa ni a ciki, na yarda. Amma kada in ga gwiwata a ƙasa."

Na ce to. Wallahi na san ƙarya nake tun kafin in rufe baki. Kowane mayaƙi a irin wasan nan sai an zana masa tsayuwa, da duka, da kariya, da murnar nasara, da faɗuwa. Wanda ba ya faɗuwa ba ya shiga wasa. Amma yaushe rabon da in ga Baba tsaye ba sanda? Ban iya ce masa a'a ba.

Wata biyu na yi a kansa. Na mayar masa da shekarunsa talatin, na sa masa layu a damtse, na bar masa tabon da ke haɓarsa. Mai sautinmu ya je ya ɗauko kiɗan kalangu. Faɗuwar ce na ƙi zama a kanta, don raina ba ya so. Na kwafo irin ta wasannin waje, a buge shi ya yi sama, ya dawo rigingine, ƙafafu a sama, na wuce wurin.

Sannan na roƙi abokiyar aikina ta yi mini kwafi na musamman, wanda ko me aka yi wa ɗan damben ba zai faɗi ba. Ta dube ni ta ce, "Wannan tsohon ba yaro ba ne fa." Na ce ubana ne ko nata? Sai ta yi mini kwafin. Na zuba a wata tsohuwar waya na kai masa, na koya masa inda zai danna.

Makon farko Inna ta ce har abinci sai ta yi da gaske yake ci. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai an nuna masa. Na ji daɗi, har na fara ganin kaina mai dabara.

Ranar Asabar ta biyu na same shi a tsakar gida kan tabarma, ruwan sama ya ɗauke ke nan, Inna ta tafi barka. Wayar na gefe a kife. Ya amsa gaisuwata a taƙaice, ya ce jiya ya ajiye wayar ya tafi alwala ana tsakiyar karawa, ya dawo ya tarar ana ta dukan mutumin, shi kuwa yana tsaye ƙiƙam kamar turmi. Ya ce shi ya yi dambe da maza masu iya kashe shi, shi ya sa rashin faɗuwarsa ya zama abin faɗa. Wannan kuwa ko akuya aka sa ta ci. Na buɗe baki zan tuna masa shi ya kafa sharaɗin, ya ɗaga mini hannu, ya ce in nuna masa na gaskiyan.

Na ciro wayata na buɗe wasan. Na bari aka bugi ɗan damben, ya yi sama, ya dawo ƙafafu a sama. Baba ya kalla sau uku. Na jira faɗa, don faɗan ya fi mini sauƙi, amma bai yi ba.

"Ba haka ake faɗuwa ba," ya ce.

Na ce ina ya sani, shi da bai taɓa ba? Da wasa na faɗa, don in sassauta abin. Bai yi dariya ba. Ya ce a ƙauyen Kakau ne, bayan girbi, shekarar da aka haifi yayata. Wani manomi ne da ba wanda ya san shi, siriri, bahago. Ba mutumin Makera ko ɗaya a wurin, shi ya sa labarin bai biyo shi gida ba. Ya dawo ya ce wa Inna ya bar dambe saboda iyali, ita kuma har yau tana yi masa godiya. Ya ce mutum ba ya yin sama. Kunne ne ke fara ɗaukewa, ka ga makaɗi na kiɗa ba ka ji. Sai ƙafar baya ta saki. Kai kuma kana ta miƙa hannun hagu gaba, kana tsammanin har yanzu kana tsaye.

Na ce na gane, zan gyara. Ya ce ban gane ba, in ɗaga wayar in ɗauke shi. Na ce Baba don Allah ka zauna, ƙasar ma a jiƙe take. Ya daka mini tsawa irin ta da, na ɗaga. Ya dafa bango ya miƙe, ya ture sandar da ƙafa, ya gyara tsayuwa. Ya kai hannu ya taɓa kunnensa, ya saki ƙafar baya a hankali, hannun hagu na miƙe. Niyyarsa ya sa gwiwa ɗaya a tabarma ya tsaya nan. Gwiwar ba ta riƙe shi ba. Na jefar da wayar na yi kansa, amma ya riga ni kaiwa ƙasa, kuma na ji ƙarar ƙugunsa.

Bai sake takawa ba. An kai shi asibiti, an kai shi wajen mai ɗori, kafin wata damina ta zagayo mun binne shi. Inna ta ɗauka santsi ne ya kwashe shi, ban kuma gyara mata ba. Faɗuwar da ke cikin wasan yanzu daga kaina na zana ta, don abin da wayar ta ɗauka sararin sama ne da bakin kwanon rufi, sai muryata ina salati. Abokiyar aikina ta ce ban taɓa zana abin da ya kai faɗuwar nan ba. Ni ba na iya kallonta, in za a gwada wasan waje nake fita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lokacin da yake kwance, kansa a cinyata, gumi na keto masa, ina kiran maƙwabta. Ya kama rigata ya jawo ni kusa.

"Ka samu, ko in sake?"

Na ce na samu, Baba.