Ɗigon Man Baba Kyari

Duk wanda ya zauna a unguwar Gwange ta Maiduguri ya san Baba Kyari, ƙanin mahaifina, ba ya fitowa daga mota sai da faranti a hannu. Yana isowa gida zai durƙusa ya tura shi ƙarƙashin injin, baƙin mai ya yi ta ɗiga a ciki, da safe ya tace da tsohuwar hula ya mayar. Farantin kuwa na kayan auren matarsa Ya Fanta ne, har yau ba ta huce ba.

In ka ce masa motar tana yoyo, sai ya harare ka.

"Yoyo? Gumi take yi! Kai a zafin Maiduguri ba ka gumi?"

Maƙwabcinsa Bitrus bakanike ne, ya yi roƙo har ya gaji.

"Baba, robar murfin injin ce kawai ta lalace. Kafin ka gama shan shayi na canja ta."

"Robar nan ta girmi ɗanka na fari, Bitrus. Haka kawai a kori dattijuwa daga aiki?"

Ranar da mai ya ɓata wa Ya Fanta sabuwar laffaya, ta tayar da ƙayar baya, sai ya ce shi zai gyara da kansa. Ya jiƙa ƙaro ya shafe bakin murfin kaf. Da ya fita da motar, ko unguwar Lamisula bai kai ba hayaƙi ya turnuƙe, masu shaguna suka fito a guje da bokitin ruwa. Baba ya leƙo ta taga hankali kwance, ya yi musu sannu da Barbarci.

"Wushe, wushe, ku koma. Turare na sa mata."

Yoyon ma ya sha tona masa asiri. Likita ya hana shi jan nama, amma Ya Fanta ta riƙa ganin ɗigon mai sabo a gaban mai tsire. Da ta tsare shi, bai ko ƙifta ido ba.

"Ni na tsaya? Motar ce ta saba, in ta zo wurin ba ta jin magana!"

Mu duk mun ɗauka rowa ce ke hana shi gyara, sai da ya kwanta rashin lafiya muka gane. Bitrus ya samu dama ya sa sabuwar roba, ya ɗaure murfin tamau, ya wanke injin tas, wai kyautar samun sauƙi. Baba ya warke ya fita zaga dangi kamar kullum. Wallahi ban taɓa ganin ransa a ɓace irin na ranar ba.

"Bitrus, ka cuce ni! Na je unguwar Ajilari gaida yayata, ban same ta ba. Na duba ƙasa, fes! To da me za ta san na zo?"

Ashe abin ke nan. Baba ba ya riƙe waya, kuma babu abin da yake tsoro a duniya kamar a ce an yi ciwo ko rashi bai leƙo ba. Ɗigon nan shi ne shaidarsa.

Ya dubi Bitrus ya ce, "Ɗauko sifana ka sassauta mata murfin."

Bitrus yana kwance noti yana girgiza kai. "Tunda na fara aikin nan, Baba, yau aka fara sa ni in ɓata mota."

"Ƙara kaɗan. Yayar tawa ba ta gani sosai."

Da Allah Ya yi masa rasuwa, ranar zaman makokinsa duk wanda ya shigo sai ya ce akwai tabon man Baba a ƙofar gidansa. Muna dariya muna share hawaye, Bitrus kam kasa zama ya yi. Nawa tabon yana nan a gefen dakali. Da magini ya zo zai shafe wurin da siminti, cewa na yi ya kewaye shi.

Ina kewarka, Baba. Allah Ya jiƙanka, Ya sa zumuncin da ka yi ya bi ka har makwanci, amin.