Jan Murfin Hedimasta

Da asuba, kafin masu shara su fito, malamin fiziks yana durƙushe a ƙofar shagon lemo yana tsintar murafen kwalba. Mai shagon ya leƙo yana hamma.

"Malam Murfi, har yanzu buhun nan bai cika ba?"

"Yara na sace mini su, maigida. Wai kowa na son ƙwayar zarrarsa a gida!"

Makarantarsu ba ta da na'ura ko ɗaya, shi kuwa dogon bayani gajiyar da shi yake yi. Sai ya cika faranti da murafe, ya ce kowanne ƙwayar zarra ce marar natsuwa, wadda wata rana za ta rushe ta fitar da tururin da ido ba ya gani. A girgiza, a watsa kan tebur. Wanda ya kife ya rushe, a cire shi. Kowace girgiza kusan rabi ke tafiya, sannan rabin saura. Yara kowa da nasa, ana ta ihun "Nawa ya tsira!"

Ihun nan ya jawo masa. Wata uwa ta kai ƙara wai caca ake koya wa ɗanta. Hedimasta ya ce yau zai gani da idonsa, in cacar ce Malam ya ajiye makullin aji.

Hedimasta ya shigo aji fuska a murtuke. Malam bai kare kansa ba, faranti ya miƙa.

"Ranka ya daɗe, zaɓi naka."

Hedimasta ya nuna wani ja da bakin biro, kamar mai taɓa ƙazanta. Aka watsa, ja ya tsira. Aka sake, ya tsira. Kafin a ankara mutumin ya ture ɗalibai ya dafa tebur.

"A hankali, Malam, nawa na ciki!"

Sai ja ya kife, ya gangara ƙasa. Aji ya kaure da dariya.

"Kai! Wanda ya yi ta tsira?" in ji hedimasta.

"Yallaɓai, murfi ba ya tuna ya tsira," in ji wata ɗaliba. "Rabi kawai muka sani, ba mu san wanne ba."

Hedimasta ya share gumi.

"Wannan karatu ne. Sake zubawa."

Ganin ƙarshe da aka yi wa Malam Murfi ran nan, yana rarrafe a ƙarƙashin tebur yana lalubo jan murfin hedimasta, makullin aji na kaɗawa a aljihunsa.