Sodangi, Mai Zomayen Kankiya

Shekara ashirin da uku ke nan, da an idar da sallar asuba Sodangi zai rungumi harawa ya nufi sansanin allurar shanu da ke bayan gari. Kafin ya zuba wa zomayen gwaji abinci, sai ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana latsa ƙafafunsu da babban yatsa. Ɗan maɗori ne, hannun gado gare shi. 'Yan tasha suna yi masa tsiya, wai dattijo guda ya ƙare a renon zomayen Bature.

Shekarar da aka kawo wata sabuwar allura, wadda aka ce an dafa ƙwayoyin cutar da ke cikinta sun mutu murus, sai aka fara gwada ta a kan zomaye shida. Ran kwana tara Sodangi ya ji ƙashinsu ya ɗau zafi. Ga shi kuwa a safiyar nan Bube, wani makiyayi daga Kafinsoli, ya koro shanu arba'in, duk abin da ya mallaka, don Sodangi ne ya lallashe shi ya yarda da allura.

Sodangi ya kai wa likitan sansanin, wani Bature, labarin zomayen. Likita ya yi dariya, ya ce ta bakin tafinta matacciyar ƙwaya ba ta cutar da kowa. Sodangi ya tsaya a ƙofar shinge ya ƙi buɗewa.

"Ranka shi daɗe, ban san mi ke cikin kwalba ba," in ji shi, "amma na san abin da yatsana ya ji. Ka kore ni, shanun nan dai ba su shiga."

Likita ya fusata, ya sa wuƙa ya feɗe zomo guda don ya ƙaryata shi, sai ga ƙashi ya kumbura ya yi jawur. Ashe ko ƙwayar ta mutu, ɓawonta yana ci gaba da ɓarna. Aka mayar da kwalaben, Bube ya kora shanunsa gida lafiya.

Rahoto ya tafi sama da sunan likita kaɗai, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Kai ne ka sa hanyar abincinka cikin haɗari don amanar makiyayi, Sodangi, mun gode, Allah ya saka. Masu tasowa, ku koyi faɗin abin da kuka gani ko a gaban wa.

Bana ya ajiye aiki ya koma Tafashiya. Duk wanda ya bi ta nan, ya sauka daga keke ya gaishe shi.