Jan fenti a bangon ɗakin Inna

Ranar wata Lahadi ce, kasuwar Illela na ci, shekarar da na shiga aji uku. Na dawo daga rijiya da tulu a ka, na tarar da wasu mutane masu doguwar igiyar awo a ƙofar gidanmu, kansilan unguwarmu yana biye da su yana ta gyara hula. Ɗayansu ya tsoma buroshi a gwangwani, ya zana jan gicciye a bangon ɗakin kakarmu, Inna, wanda ya ba titi baya. Wai za a faɗaɗa hanya har zuwa inda za a gina tashar jirgin ƙasa, jirgin da zai taso daga Sakkwato ya tsaya a bakin iyaka.

Mu yara murna ta kashe mu. Ba wanda ya taɓa ganin jirgin ƙasa a cikinmu, amma da yamma sai mu jeru, kowa ya kama rigar na gabansa, muna kuwwa muna zaga gida. Turken awaki shi ne tashar Araba, rumbun gero tashar Gidan Katta, murhu kuwa Kwanni ta ƙasar Nijar, inda mai karɓar kuɗi ke cewa sai sefa, mu miƙa masa ganyen dogon yaro. Inna tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ta ce, "Jirgin ga naku ya fi na gwamnati sauri."

A gidanmu, duk shekara kafin ruwa ya sauka ana yaɓe. Maza su kwaɓa ƙasa da ƙafa, a zuba mata ciyawa, mu mata mu yi ta jigilar ruwa har wuya ya ƙage, a gyara indararo, a dafa shinkafa da wake a ci a tsakar gida. A shekarar nan aka yi wa kowane ɗaki, ban da na Inna. Ƙaramar hukuma ta aiko da mai shela cewa duk ginin da aka yi wa alama kada a taɓa shi, wanda ya shafe fentin ya shafe diyyarsa. Baba mutum ne mai tsoron hukuma kamar me. Ya je sakatariya ya fi a ƙirga, kullum a ce masa magana tana Sakkwato, ya ƙara haƙuri. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo, bango ya tsage har kaza na leƙowa ta ciki. Ya roƙi Inna ta koma ɗakin mahaifiyarmu, ta ƙi. "Mi? Wanga ɗaki nan anka kawo ni amarya, nan za a fidda ni." Ni kam duk hadarin da ya haɗu, sai in je in duba tsagar bangon.

Wata rana bayan azahar, ana tsaka da ruwa, ta shigo wurin mahaifiyarmu ɗibar garwashi. Ba ta ko zauna ba muka ji rugugi. Da muka leƙa, ɗakin ya zube, azara ta danne gadonta da jeren kwanoninta. Baba ya tsaya cikin ruwa yana salati, hawaye na bin gemunsa. Inna ta tako a hankali, ta tono wani ɓallin bango mai jan fenti, ta miƙa masa. "Kai ma Ciyaman na ƙaramar hukuma, ka ce mun hutasshe shi." Ba ta sake ganin wata damina ba, kuma ba daga ɗakinta aka fidda ta ba.

Yanzu gidajen bulo ne a layin, ba mai yaɓe, ba yaran da ke jan rigar juna. An zuba kwalta, amma ta wata unguwa ta bi, jirgin kuma har gobe a rediyo yake tafiya. Duk sanda na je gida nakan tsaya a filin ɗakin Inna, inda awaki ke kwana yanzu, in tuna ƙamshin garwashinta. Ba hukuma ce ta rushe ɗakin Inna ba, jiran hukumar ne ya rushe shi.