Ragunan Layya da Bishiyar Ladi

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar matata Ladi, Allah ya jiƙanta. Cikin duk abin da ya wuce tsakaninmu, abu ɗaya nake so a ce ban yi ba, shi ne ɗaure raguna a gindin bishiyarta.

A Inugu muka yi zamanmu, a unguwar Coal Camp, tun Turawa na nan. Ni fataucin dabbobi nake yi, ina sauko da su daga Arewa a jirgin ƙasa ina sayar wa mahauta. Ita kuwa tun da na kawo ta garin, ƙirjinta bai yarda da shi ba. Ga laima, ga hayaƙin kwal, da damina ta sauka sai tari ya tasar mata. Maƙwabciyarmu Mama Nkechi, wadda mijinta ke kula da lambun wani Baturen ma'aikatar kwal, ita ta kawo mata ɗan dashe a gwangwanin madara. Ta ce matar Baturen ta taɓa zama a ƙasashen gabas, kuma ganyen take dafawa in mura ta kama ta. Turawa lokwat suke ce wa bishiyar. Sunan ya ƙi zama a bakin Ladi, sai ta sa mata kanyar Bature, kowa ya bi.

Bishiyar ba ta cika yin 'ya'ya ba, zafin garin ya yi mata yawa. In ta yi, ƙanana ne rawaya, da zaƙi da ɗan tsami, ga ƙwallo mai sheƙi a ciki, wanda Ladi ba ta yarda yara su tauna. Ganyen ne abin nema. Dogo ne mai kauri, bayansa da gashi-gashi. Sai Ladi ta zauna da totuwar masara ta goge gashin tas, don in an bar shi ƙaiƙayin maƙogwaro yake sawa. Ta shanya a inuwa, ta dafa da citta, ta sha da ɗumi. Tarin bai taɓa barinta gaba ɗaya ba, amma yana lafawa ta samu barci.

A kulle take, danginta kuma suna can Zariya. Bishiyar nan ce ta kawo mata mutane. Matan masu haƙar kwal suka riƙa shigowa nema wa mazansu ganye, su zauna a inuwarta ana ɓarar agushi ana hira. A nan ta koyi Ibo har ta fi ni. Ba ta sayarwa, ba ta kuma cika baki. In mace ta ce tarin mijinta ya daɗe ko yana fitar da jini, sai ta ce, "Wannan ya fi ƙarfin tukunyata, ku tafi asibiti."

Wata shekara dab da Babbar Sallah na sauko da raguna, na tarar zango ya cika. Na kora ragowar zuwa gida, na kama igiya na nufi bishiyar.

"Malam, ban da nan," in ji Ladi. "Ga ginshiƙin rumfa can."

Na ce, "Ke dai da bishiyarki kamar 'yar fari. Ɗan ganye za su taɓa, zai sake fitowa."

Na san rago tun ina yaro. Na san wanda ya sha tafiya a jirgi da yunwa ba ya barin ɓawon itace. Sauri nake yi in koma ga masu saye, shi ke nan. Da na dawo da la'asar sun ɓare ta zagaye, daga ƙasa har iyakar inda bakinsu ya kai, jikinta fari fat.

Na tarar da Ladi tana ta shafa wa wurin laka. Mama Nkechi ce ta riƙe ƙugu ta dube ni. "Malam, ka ƙara wa ragunan nan kuɗi," in ji ta. "Sun ci magani, ba mai tari a cikinsu har a yanka su." Ladi ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Wannan dariyar ta fi faɗa zafi a wurina.

Kafin damina ta zagayo bishiyar ta bushe. Na je neman wani dashen, aka ce Baturen ya tafi tun da aka samu mulkin kai, wanda ya gaje gidan ya share lambun ya shuka rogo. Duk tafiyar da ta kai ni Anacha ko Fatakwal sai na tambaya. Wani ya miƙo mini ganyen gwaiba ya rantse shi ne. Ban samu ba.

Ba zan ce rashin bishiyar ne ya kashe ta ba. Ta yi shekaru bayan haka, tana shan maganin asibiti, har lokacinta ya yi. Abin da na gani da idona shi ne matan sun ragu. Ba ƙi suka yi ba, dalilin shigowa ne babu, inuwar zama kuma babu. Nakan dawo in same ta ita kaɗai a ƙofar ɗaki tana tankaɗe. Ban gane abin da na raba ta da shi ba sai a lokacin.

Jikata mai karatun haɗa magunguna ta ce mini ganyen yana da sinadaran da ke kwantar da kumburin maƙogwaro su sassauta majina, 'ya'yan kuma suna da amfani ga ido, ƙwallon kuwa akwai guba a cikinsa. Ta ce har yanzu bincike ake yi, kada kowa ya ajiye maganin likita saboda shi. Da Ladi na nan, na san za ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ta ko littafin ya ce a goge gashin. Masu yawo da lasifika a kasuwa yanzu, da kwalba ɗaya mai maganin kowace cuta, su ne ba za su sha da daɗi a wurinta ba.

Ranar da ta rasu, tsofaffin matan nan suka cika gidan, wasu da sanda, suna kuka da yarensu. Ba ta bar gida ko gona ba. Abin da ta bari shi ne a wannan unguwa har yau in aka ambaci sunanta, Musulmi da Kirista sai su yi mata addu'a.

Ta yafe mini tun kafin in roƙa, wannan ban da shakka. Roƙona ga mai karatu, musamman 'yan'uwana da suka kawo 'yar mutane nesa da gida: in ta dasa wani abu a tsakar gida, komai ƙanƙantarsa, ta ce maka ban da nan, ka tsaya ka saurara. Kana da kasuwa da masallaci da abokai. Ita wataƙila wannan kaɗai gare ta.